Karen da Aka Bari a Kufai: Riƙonsa da Horonsa

Jawabin da aka gabatar a wani zama na ɗalibai 'yan ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa



Mun sani sarai cewa tun ranar da aka liƙa takardar sanarwar wannan zama, akwai waɗanda suka karanta kan maganar suka yi murmushi, akwai kuma waɗanda ransu ya ɗan sosu. A ce ƙasar da ta ga abin da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suka gani, 'ya'yanta su taru a jami'a su rasa abin tattaunawa sai kare? Wannan tambaya tana bisa hanya, ba kuwa za mu kauce mata ba. Babu wanda ya manta da kisan da aka yi a Kadisau ta ƙasar Faskari cikin watan Yuni na 2020, ko daren 11 ga Disamba na shekarar, sa'ad da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya kan rage bayan mutane sun watse. Wanda ya tashi cikin dare yana gudun ceton rai, 'ya'yansa zai fara sunguma, sa'an nan ɗan abin da ya samu na hatsi, in da hali ya kora awaki. Kare kuwa, ko dai a bar shi a kufai yana gadin gidan da ba kowa, ko ya biyo sawun masu shi har Ketare ko Ƙanƙara ko Funtuwa, inda za su sauka a gidan dangi, mai gida kuma ya ce ya karɓi mutane amma ban da kare.

Irin wannan kare ɗayan uku ne ya kan same shi. Ko yunwa da ƙishirwa su kashe shi, ko ya shiga garken karnukan da ba su da mai su, waɗanda ke kwana a juji su wuni a bakin mahauta, ko kuwa wani yaro ko magidanci ya ji tausayinsa ya jefa masa ƙanzo, daga nan ya zauna. Na ukun nan shi ne abin maganarmu. Abin da mu ke so mu tabbatar kuwa shi ne, ɗaukar karen da aka yar kariya ce ga unguwa baki ɗaya, matuƙar an bi abin daki-daki. In aka yi shi da ka, to, an jawo wa gida bala'i da hannu.

Bari mu fara da shi kansa karen. Wanda mu ke gani a ƙauyukanmu, mai gajeren gashi, ja-ja ko baƙi ko mai roɗi-roɗi, mai dogayen ƙafafu da ɗamammen ciki, shi ne Turawa su kan sa cikin karnukan da su ke ce wa gauraye, wato marasa asali. Sunan bai dace da shi ba. A 2009 wani masani mai suna Adam Boyko na Jami'ar Cornell ta Amurka, shi da abokan aikinsa, suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan karnukan ƙauye na Masar da Yuganda da Namibiya. Sun gano cewa da yawansu tsohon iri ne na ƙasar, ko da ya ke a wasu wurare jinin baƙin karnuka ya shiga. A 2018 kuma wasu masana suka bincika ƙwayoyin gado na karnukan ƙauye na Nijeriya, suka sami alamun cewa jikinsu ya daɗe yana sabawa da cututtukan ƙasashe masu zafi. Ga kuma karen Abzinawa na kwarin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, wanda aka fara kai wa Turai a shekarun 1970, aka yi masa rajista, ya zama abin alfahari a can. Gaskiya ne a manyan garuruwa irin su Katsina da Funtuwa a kan sami barbarar yanyawa da karnukan Turai, amma karen ƙauyenmu ba ragowar kowa ba ne. Yana jure zafi, abinci kaɗan ya kan ishe shi, yana da saurin ganewa. Sai dai wannan juriya tasa ba ta kai ga ciwon hauka ba, kamar yadda za mu gani nan gaba.

Harshenmu kansa ya nuna ba a matsayi ɗaya mu ka ajiye kare ba. In za mu ci mutuncin mutum mu ce masa ɗan kare, yaron direba mu ce karen mota, wanda a ke aikawa ya yi ɓarna don wani mu ce karen farautarsa. Amma mu ne kuma mu ka ce karen bana shi ke maganin zomon bana, mu ka ce in ka ga kare yana shinshina takalmi ɗauka zai yi. Wanda ya tsara wannan karin magana na ƙarshe ya zauna ya lura da kare har ya iya karanta niyyarsa tun kafin ya aikata. Wannan lura ita ce rabin horo.

Saura maganar addini, wadda ita ce ta fi tsaya wa yawancinmu a rai. Ba fatawa mu ke bayarwa ba, akwai masu ita a wannan ɗaki, sai dai mu tuna wa juna abin da ke cikin littattafan da iyayenmu suka karanta a zaure. A mazhabar Imam Malik, wadda ita ce ƙasar nan ta ke bi tun fil azal, duk mai rai tsarkakakke ne, har da yawunsa, kare ma yana ciki. Wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya sa baki a ruwan da ke cikinta, malaman mazhabar sun ɗauke shi a matsayin bin umurni don bauta, haka Mukhtasar na Halilu ya tafi a kai. Sauran mazhabobi sun saɓa, wannan kuwa sananne ne. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, wato 996 ta Miladiyya, ya hana ajiye kare a cikin gidaje, na birni ko na ƙauye, sai don gadin gona, ko rakiyar dabbobi a jeji, ko farautar da mutum ke ci da ita. Amma masu sharhin Risala sun kawo wani labari da ya kamata mutumin Ƙanƙara ya ji. Sun ce katangar gidan shi mawallafin ta faɗi a lokacin da babu kwanciyar hankali a Ƙairawan, sai ya ajiye kare don gadi. Da aka tuna masa cewa Imam Malik ya ƙi hakan, sai ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki ma zai ajiye. A game da ciyarwa da shayarwa kuwa babu wani saɓani. Muwaɗɗa da Buhari da Muslim duk sun ruwaito labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa saboda haka. Ke nan mutum yana iya ƙin kare a ɗakinsa da kan buzun sallarsa, ba wanda zai zarge shi, amma jifa da barin dabba ta mutu da yunwa ba su da mafaka a littafi.

To, ga kare ya zo ƙofar gida, ramamme, haƙarƙarinsa a waje. Abu na farko shi ne a janye yara. Babba ne zai tunkare shi, shi ma ba kai tsaye ba. Ya ajiye ruwa da ɗan abinci a kasko, ya ja da baya, ya juya masa gefe, kada ya ƙura masa ido, kada ya miƙa hannu bisa kansa, domin a wurin kare ƙura ido neman faɗa ne, hannu daga sama kuwa duka ne. A bar shi ya matso don kansa, ko da abin zai ɗauki kwana uku. A cikin wannan lokaci ido na kansa. Karen da ke tangaɗi, ko dalala na zuba daga bakinsa, ko muryarsa ta sauya, ko yana cizon itace da duwatsu da duk abin da ya gifta, ba na ɗauka ba ne, na kai rahoto ne ga mai unguwa da malamin dabbobi. Akwai kuma wani nau'in haukan mai yaudara, wanda kare ba ya faɗa, sai dai muƙamuƙinsa ya saki, bakinsa ya zauna a buɗe kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya. Mai tausayi sai ya zura hannu zai cire ƙashin, alhali yawun nan cike ya ke da cuta. Kada kuma wani ya ce ai karen yana shan ruwa, don haka lafiyarsa lau. Tsoron ruwa alama ce da ta fi bayyana ga mutumin da ya kamu. Mahaukacin kare yana iya shan ruwa.

Dole mu ɗan daɗe a kan wannan ciwo, domin shi ne ya mai da maganar kare maganar rai da mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kimanin 59,000 kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Har kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare su ke samunsa. Ƙwayar cutar tana cikin yawu, ta kan shiga ta cizo ko yakushi ko lasar wurin da ke da rauni, sa'an nan ta bi jijiya sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Tafiyar ta kan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Shi ya sa ciwon cizon ya kan warke, a manta da shi, sai daga baya yaro ya fara firgita da ganin ruwa a ce iskoki ne. Da zarar alamun sun bayyana, kusan ba wanda ke tashi. Amma kafin su bayyana akwai magani, kuma tsoho ne, tun cikin Yuli na 1885 da Luwi Fasto ya yi wa wani yaro mai suna Joseph Meister allura a birnin Faris ya tsira.

Saboda haka sabon kare sai a keɓe shi a wani lungu mai inuwa, nesa da yara da awaki, a nemi malamin dabbobi ya duba shi ya yi masa allurar rigakafi. Kwikwiyo a kan yi masa tun yana wata uku, sa'an nan a riƙa maimaitawa shekara-shekara. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ta ke can tun 1924, tana cikin masu haɗa wannan allura, kuma can ne a kan aika da kan karen da a ke zargi don a gwada ƙwaƙwalwarsa. Wannan ya sa in ta kama a kashe mahaukacin kare, ba a so a farfasa masa kai. Akwai wani ruɗani da ya kamata mu warware game da kwana goma da a kan ambata. Kwana goman nan na karen da ya riga ya ciji mutum ne. In an tsare shi ya cika su lafiya lau, to, babu cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon. Ba su nufin karen da aka tsinta ya kuɓuta, domin mai yiwuwa ne wani kare ya cije shi a jeji wata guda da ya wuce, cutar tana kan hanya, allurar da aka yi masa a makare kuma ba lalle ta tare ta ba. Don haka karen da ba a san tarihinsa ba, a ci gaba da sa masa ido har wata shida, duk wani sauyin hali na farat ɗaya a ɗauke shi da muhimmanci.

In kuwa tsautsayi ya faɗa aka ciji wani, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15. Kowane sabulu ya yi, ko na wanki ne. Daga nan sai asibiti a ranar, a Ƙanƙara ko Malumfashi ko Funtuwa ko duk inda ya fi kusa, a faɗa wa likita kare ne ya yi cizon, a nemi allura, a kuma cika adadinta, domin kashi-kashi a ke yin ta cikin 'yan makonni. Kada a jira a ga abin da zai sami karen kafin a fara. Ƙona gashin karen a shafa, ko ɗaura ganye, ba su taɓa ƙwayar da ta kama hanyar jijiya.

Maganar abinci ba ta da wuya. Karen da ya daɗe da yunwa ba a cika masa kasko lokaci guda, sai kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a yini har cikinsa ya dawo daidai, daga baya a koma safe da maraice. Tuwon da ya kwana, da jiƙaƙƙen ƙanzo, da dafaffiyar dusa, da ƙasari, duk suna riƙe shi, amma hatsi zalla ba ya gina jikinsa. Yana bukatar ɗan wake, ko garin busasshen kifi, ko abin da mahauta suka rage. A nan akwai wata ƙa'ida da mu ke roƙo a riƙe, musamman ranar layya: hanta ko huhun da aka ga ƙulli mai ruwa a jikinsa, kada a jefa wa kare ɗanye. Wannan ƙulli gidan wata tsutsa ce wadda ta kan girma a hanjin kare, ƙwayayenta su fita ta kashinsa, su koma cikin tumaki da mutane su yi musu irin wannan ƙulli a hanta. A binne shi da zurfi ko a ƙona. Ƙashin kaza dafaffe ya kan tsattsage ya huda hanji, albasa mai yawa kuma tana lalata masa jini. Ruwa kuwa kada ya yanke, balle a bazara, domin kare ba ya zufa kamar mu, da haki ya ke rage zafin jikinsa. Wanda aka ɗaure a rana tsaka cikin watan Afrilu ba tare da ruwa ba yana iya mutuwa kafin la'asar.

Kaska da ƙuma da ƙazuwa da tsutsar ciki, da wuya a tsinci kare babu biyu daga cikinsu. Duk suna da magani mai sauƙi a wurin malamin dabbobi. Abin da mu ke gani a na yi, wato shafa masa baƙin mai ko yi masa wanka da maganin feshin gona, guba ce. Fatarsa za ta sha, ya kuma lashe sauran, yaron da ya shafa shi ma ya kwasa. Kwikwiyon da ke kwana a ƙasa mai laima da fitsari ya kan fito da ƙuraje masu ɗan rami a tsakiya, kowanne da tsutsar wani ƙuda a ciki. In aka toshe ramin da man shafawa, tsutsar ta kan leƙo don neman iska, sai a matse ta. Maganin abin tun farko shi ne busasshen makwanci, ko da tsohon buhu ne bisa katako.

Yanzu mu zo ga hali, wanda shi ne ya fi ba mutane wahala. Duk abin da aka taɓa yi wa kare yana nan rubuce a jikinsa. Ku lura, da mutum ya sunkuya, karen titi ya zabura, ko da takalmi mutumin zai gyara, domin a saninsa sunkuyo ɗaukar dutse ne. Wanda ya fito daga ƙauyen da aka kai wa hari yana iya rikicewa da jin rugugin babur ko ƙarar bindigar biki, ya yi ta makyarkyata, ko ya tsinke igiya ya ɓace. Wani kuma da ya sami ƙarfi sai ya kama hanyar tsohon gidansu, ya kwana biyu a kufai ya dawo. Wasu masana biyu na Amurka, John Paul Scott da John Fuller, sun shafe shekaru suna nazarin tasowar kwikwiyo, suka fitar da littafinsu a 1965. Sun nuna cewa tsakanin mako uku zuwa mako goma sha biyu na rayuwarsa ne kwikwiyo ke koyon wane ne nasa. Wanda hannun mutum bai taɓa shi a wannan tsakani ba, da wuya ya saki jiki da mutane har ya mutu. Wannan ya sa dole a bambanta kare biyu. Wanda ya tashi a gida ya rasa masu shi, cikin 'yan makonni zai dawo hayyacinsa. Wanda aka haifa a juji kuwa, zai karɓi abinci, zai yi haushi in baƙo ya zo, amma kada a sa rai zai zama abokin wasan yara, kada kuma a tilasta masa.

Kafin kare ya yi cizo ya kan yi magana, mu ne ba mu saurara. Zai kwantar da kunnuwa, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya riƙa lasar leɓe yana kau da kai. In ba a ƙyale shi ba sai jikinsa ya sandare, sa'an nan gurnani. Kaɗa wutsiya ma ba kullum ne murna ba. In ta miƙe ƙyam tana rawa kaɗan-kaɗan, gargaɗi ne. Mai gida da ya ji gurnani sai ya ɗauko sanda, nan kuwa ya yi babbar asara, domin abin da karen ya koya shi ne ya daina gargaɗi, gobe sai cizo ba sallama. Karen da ya sha yunwa ya kan yi gurnani a kan kaskonsa. A ba shi abinci a keɓe, a hana yara zuwa kusa, mai shi kuma in zai gifta ya riƙa jefa masa ɗan abu mai daɗi, har ya gane cewa zuwan mutum ƙari ne a gare shi.

A fannin horo ba mu bukatar aro daga nesa. Aya ta huɗu ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo, malaman fiƙihu kuma suka bayyana horarren kare da cewa shi ne wanda in aka cuna shi ya tafi, in aka tsawata masa ya tsaya. Duk wanda ya taɓa bin farautar rani a ƙasar Katsina ya ga haka da idonsa: karnuka birjik cikin ƙura da ihu, amma kowanne ya san feɗuwar ubangidansa. Na biyun nan, wato tsayawa, shi ne ma'auni. Kowane kare ya iya bin zomo, ba sai an koya masa ba.

A fara da suna gajere, Duna ko Bobi ko wani abu makamancin haka, kowa a gidan kuma ya riƙa kiransa da shi. A kira shi sa'ad da za a ba shi abinci, har sunan da alheri su haɗu a kansa. Kada a taɓa kiransa don a doke shi, in ba haka ba an kashe kiran. Ladan abin da ya yi daidai, ɗan guntun ƙuli-ƙuli ne ko shafa, sai ya zo nan take, cikin ƙiftawar ido, domin kare ba ya haɗa abin da ya yi da hantsi da abin da aka yi masa da azahar. Wanda ya dawo daga gona ya tarar an yaga buhu, ya kama kare da duka, ya huce haushinsa ne kawai, karen bai fahimci kome ba sai cewa dawowar mai gida abin tsoro ce. Minti biyar sau biyu a yini ya fi awa guda a mako. Kaji da 'yan awaki su ne kan haɗa maƙwabta faɗa, saboda haka tun makon farko a riƙa zagayawa da shi cikinsu yana ɗaure da igiya, in ya zabura a tsayar da shi, in ya kau da kai a saka masa. Wanda ya riga ya saba cin kaza a lokacin yawonsa, gaskiya ita ce da wuya ya bari gaba ɗaya, sai dai a raba shi da su.

Akwai al'adun da ba mu ga amfaninsu ba. Yanke kunne da wutsiya azaba ce, tana kuma raba shi da abin da ya ke bayyana halinsa da shi. Ɗura masa barkono ko ƙwayoyi wai don ya yi zafi, da ɗaure shi da sarƙa dare da rana, suna haifar da karen da ba ya bambanta ɓarawo da almajiri. Irin wannan ne ya kan ciji ɗan maƙwabci, a kwana a gaban mai unguwa. In dole a ɗaure shi da rana, igiyar ta zama doguwa, a inuwa, a kuma sake shi ya motsa jiki safe da yamma.

Game da gadi kuwa, kada mu yaudari kanmu. Kare ba zai tare mutum talatin masu bindiga ba, wanda ya ce zai iya bai san abin da ya ke faɗa ba. Abin da ya ke da shi kunne ne da hanci. Ya kan ji motsi tun mutum bai ji ba, 'yan mintocin da haushinsa zai bayar kuwa suna iya isa a tashi yara a fita ta bayan gida. Amma wannan haushi yana da kaifi biyu, domin mutanen da suka ɓuya cikin dawa ko kwazazzabo, karen da bai san a ce masa ya yi shiru ba zai iya tona su. Don haka a ƙasa irin tamu, koya wa kare yin shiru bisa umurni ya kai koya masa zuwa muhimmanci. Hanyarsa ita ce, in ya yi haushi biyu ko uku a yaba masa, a faɗi kalma ɗaya wadda ba a sauyawa, a nuna masa abinci a hannu, da ya rufe baki don ya shinshina a ba shi. Da maimaici kalmar kaɗai za ta isa.

Karya tana ɗaukar ciki kwana 63 ko kusa da haka, ta kan kuma zuba 'ya'ya biyar ko shida ko fiye. Yawancin karnukan juji daga nan su ke fitowa, daga kwikwiyon da aka ba yara suka ja da igiya kwana biyu suka gaji. Likitan dabbobi yana iya yi wa namiji fiɗiya, mace kuma a yi mata aikin da zai tsai da haihuwa. Wasu kan sayar wa fatake masu kai karnuka kasuwar Dawaki ta ƙasar Kanke a Jihar Filato, kuma irin wannan jigila ta karnukan da ba a yi wa allura ba tana cikin hanyoyin da cutar ke tsallaka jihohi. Bi-ta-da-ƙulli da guba, wanda a kan yi bayan an ciji wani, Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da bayyana cewa ba ya kawar da ciwon, domin wasu karnukan ne za su cike gurbin, gubar kuma ta kan faɗa wa ungulu da kaji. Abin da ke kawar da shi shi ne a yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, a kuma dinga maimaitawa. Da wannan hanya ƙasar Meziko ta kai ga Hukumar ta tabbatar a 2019 cewa ciwon ya daina kama mutanenta ta hanyar kare. A 2015 hukumomin duniya suka sa 2030 a matsayin shekarar da su ke fatan kada kowa ya sake mutuwa ta wannan hanya. Karen da ke da mai shi a na iya kama shi a yi masa allura, na juji kuwa sai an sha fama. Duk wanda ya ɗauki kare ɗaya ya riƙe shi da kyau, ya matso da garinsu kusa da kashi saba'in ɗin nan.

A nan ne aikin ya faɗo kanmu. Idan mun koma gida hutu, kowa yana iya bin unguwarsu gida-gida ya rubuta karnuka nawa ne, nawa ke da mai su, nawa aka taɓa yi wa allura, yara nawa aka ciza a bara. 'Yan'uwanmu masu karatun likitan dabbobi a Zariya da Sakkwato su ne za su tsara takardar. A fara da gaishe da mai unguwa da dagaci, a Ketare kuwa a kai maganar fadar Kanwan Katsina, hakimin ƙasar. A nemi shugabannin mafarauta, domin su ne masu karnuka da yawa, kuma in sun kawo nasu kowa zai kawo. A roƙi limamai su faɗi maganar sabulu da minti 15 bayan salla, malaman firamare su faɗa wa yara cewa in kare ya taso musu su tsaya cik, su haɗe hannuwa a ƙirji, kada su ruga. Sa'an nan a kai ƙididdigar sashen kula da dabbobi na ƙaramar hukuma, a nemi a tsai da ranar allura. Duniya ta ware 28 ga Satumba, ranar rasuwar Luwi Fasto, don yaƙi da wannan ciwo. In muna so garinmu ya shiga ta bana, sai takardarmu ta isa ofishin tun farkon damina.